Zuciyar Jelmer Mai Makara

Ni na fara gani. Ba Douwe Postma ba, duk da ya miƙe ranar biki yana gaya wa mutane wai tun farko ya san 'yarsa ta yi dace. Ƙarya yake. Ni Siebe, da ban gama firamare ba, da na ƙare ƙuruciyata a jiragen kamun kifi na Harlingen, da teku ta haɗiye ni ta amayar, da likitoci suka tsaga ƙirjina suka cire zuciyar da aka haife ni da ita suka sa wata, na farka na nemi kofi, ni na gani. Tun yaran ba su san sunan juna ba na gani.

A asibiti na san Jelmer, a layin masu jiran a ɗebi jini. Dogon saurayi ne, kafintan jiragen ruwa, ba ya dariya sai dole. Shi ma zuciyar dashe gare shi, wata cuta ce ta cinye tasa yana tsakiyar samartaka. Na ga yana neman ya mayar da kansa tsoho, sai na ja shi filin ƙanƙara, inda ake zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa, duk ranar Laraba. Mutane suka ɗauka ɗan ƙanena ne, ban gyara musu ba.

Mu masu zuciyar dashe ba ma tashi da gudu. Sai mun daɗe muna zamewa a hankali kafin jiki ya yarda. Ranar nan Jelmer yana cikin wannan rarrafen, ya kauce ya shiga layin ciki, sai ga wata yarinya ta taho kamar an harbo ta daga bindiga. Da ƙyar ta kauce masa, ta ja birki har ƙanƙara ta fantsama a fuskarsa.

"Kai malam! Nan layin masu gudu ne, ba na 'yan fansho ba!"

"Ga ɗan fansho can," in ji Jelmer, ya nuna ni, marar kunya. "Ni kunkuru ne kawai."

"To kunkuru ya koma gefe kafin ya kashe mutum!"

Ta wuce tana huci. Na dubi yaron. Kunnuwansa sun yi ja, baƙin idonsa ya buɗe, ya cire safar hannu yana goge tafinsa a wando alhali muna tsaye a kan ƙanƙara. Ita kuwa da ta zagayo, sai ta rage gudu daidai inda muke. Mai tsere ba ya rage gudu a banza. Na ce a raina, an gama.

Sunanta Marrit, 'yar tseren ƙanƙara ce, ubanta Douwe shi ne kocinta. Ba a rufa wata ba Jelmer ya fara nuna min waya don in yi masa hassada, sai dai shi yake karanta min, don ƙananan rubutu ba sa shiri da idona.

"Kunkuruna, gobe za ka zo? Na wasa maka ƙarafan takalmanka. Idan ka sake shiga layina sai na taka ka, amma ka zo."

Shi kuma ya mayar: "Walƙiyata, zan zo. Ki taka ni a hankali, ina da aiki ranar Alhamis."

Na ce masa, "Ka gaya mata maganar dashen?"

Fuskarsa ta ɗaure. "Kawu, budurwata ta farko da na gaya mata, daga ranar ta zama nas. Ka sha magani? Kar ka ɗauki wannan. Zauna. Da ta gaji da jinya ta tafi. Wannan tsawa take min, Kawu. Ka san rabon da a yi min tsawa? Ka yi min alkawari ba za ka faɗa ba."

Na yi masa alkawari, raina bai so ba.

To, gidan Postma gida ne da ake gaisawa da bugun zuciya. Kowa yana ɗaure da agogon da ke ƙirga shi, duk a haɗe da wayar juna, da safe kafin a yanka burodi sai kowa ya faɗi nasa. A wurinsu mai zuciya mai bugawa a hankali shi ne mutumin kirki. Idan suka ba ka irin agogon nan, sun sa ka a dangi ke nan. Marrit ta saya wa Jelmer, ta ɗaura masa da hannunta, ta haɗa da wayarta. Sakaran ya karɓa yana murmushi.

Lahadin da ya fara cin abinci a gidansu, Douwe ya leƙa wayar 'yarsa ya ajiye cokali.

"Kana zaune kana shan miya zuciyarka tana buga ɗari? Saurayi, me kake sha? Ko giya ce ta jiya? Wytse yana zaune tasa ba ta kai arba'in."

Wytse ɗan tseren Douwe ne, mai cinya kamar turken gada, wanda Douwe ya daɗe yana yi wa 'yarsa sha'awarsa. Jelmer ya ce shi haka yake. Douwe ya ce babu wanda haka yake, kuma ba zai ba da 'yarsa ga mai ɓoye-ɓoye ba. Marrit ta yi wa ubanta tsawa, ta ja saurayinta suka fita.

Amma maganar ta zauna mata. Ta fara duba wayar. Ta ga idan ta iso wurinsa tata zuciyar tana tsalle, tasa kuwa layi ne a miƙe kamar an ja da rula. Ta riƙe hannunsa, layin bai motsa ba. Ta rungume shi, bai motsa ba. Sai bayan ta yi sallama ta koma atisaye, can sai layin ya fara hawa, ya yi ta hawa. Ta tambayi kanta, me yake gani bayan na tafi? Wytse ne ya ba ta amsa, don shi mai taimako ne: ai duk lokacin da ta koma kan ƙanƙara, Jelmer kantin da ke cikin filin yake zuwa ya sayi kofi wurin Hinke, mai dogon gashin nan.

Saƙon da ta tura masa, shi ma ya karanta min:

"Baki yana ƙarya, zuciya ba ta yi. Ni idan na gan ka tawa kamar ta fito. Kai taka ba ta san na zo ba, sai ka je wurin mai kofi take tashi. Ka riƙe agogon, ka ba Hinke ta haɗa da wayarta. Kar ka sake kirana."

"To sai ka gaya mata yanzu," na ce.

"Ba zan roƙi so da tabon ƙirjina ba."

Na zage shi, zagin jirgin ruwa, wanda ba a rubutawa. Yaro yana da zuciyar da wani ya mutu ya bar masa, zai zauna ya bar ta ta yi tsatsa saboda girman kai! Mako biyu bai zo filin ba. Ita kuma na gan ta tana gudu kamar mai neman ta karya ƙanƙarar, Wytse yana bin ta a baya da gorar ruwa.

Laraba ta uku na ce masa motata ta mutu a filin, ya zo ya ɗauke ni. Da ya shigo kantin, na riga na zauna a teburin Douwe da Marrit ba tare da an gayyace ni ba. Jelmer ya tsaya a bakin ƙofa kamar an kafe shi.

"Baba, tashi mu tafi," in ji Marrit.

"Zauna, 'yata," na ce. "Na yi alkawarin ba zan faɗi sirrin wani ba. Ban yi alkawarin ɓoye nawa ba."

Na cire rigar sanyi, na ɓalle maɓallai, na buɗe ƙirjina a gaban duk masu shan kofi. Tabon ya sauko daga wuya har ciki. Douwe ya ce, "Dattijo, lafiyarka kuwa?"

"Ta fi taka. Kai da kake ƙirga bugun zuciyar mutane, ka taɓa tambaya wa yake tuƙa ta? Likitata ta zana min a takarda, kuma ni abin da aka zana min ba na mantawa. Akwai jijiyoyi a jiki da ba sa neman izininka. Iri biyu ne. Ɗaya totur ce, tana fitowa daga gefen ƙashin baya, ita ke sa zuciya gudu, ta buɗe ido, ta kawo gumi, ta busar da baki. Ɗaya birki ce, doguwa, daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta sauko zuciya da ciki, ita ke kwantar da komai. Wytse ɗinka da kake taƙama da shi, birkinsa ne mai ƙarfi, ba halinsa ba. Ranar da aka cire tsohuwar zuciyata, an yanke wayoyin nan duka biyu, kuma ba a ɗinka su. Sabuwar ba ta da birki, shi ya sa ko ina barci tana kusan ɗari. Ba ta da totur, shi ya sa ko zaki ya shigo nan ba za ta zabura ba."

Marrit ta daina kallona, ta koma kallon bakin ƙofa.

"To yaya take jin labari?" in ji ta, a hankali.

"Ta jini. Akwai wasu 'yan ƙulluka biyu a saman ƙoda, su wayarsu tana nan. Idan abu ya taɓa ni, sai su zuba sinadari a jini, jinin ya ɗauko shi ya kawo. Saƙon yana zuwa, amma a ƙafa yake zuwa. Kafin zuciyata ta san matata ta shigo ɗaki, marigayiyar har ta gama faɗanta ta fita."

Jelmer ya tako ya tsaya a gaban teburin. Ya ja zif ɗin rigarsa ƙasa, ya ɗaga ta ciki. Nasa tabon ya fi nawa ja.

Ku da kuke tsammanin kuka za ta yi ta faɗa jikinsa, ba ku san Marrit ba. Ta miƙe har kujera ta faɗi.

"Kai wane irin sakarai ne? Ka bar ni ina kuka a banɗakin filin nan saboda Hinke? Hinke da na daina gaisawa da ita, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba?"

Hinke ta ɗago daga bayan injin kofi ta ce, "Ni? Ni mijina yana gida, don Allah ku cire ni."

"Tsoro nake ji ki fara tausayina," in ji Jelmer.

"Tausayinka? Shaƙe ka nake so in yi!"

Douwe ya miƙe. Fuskarsa ta yi fari, kuma a nan ba zan yi masa ƙarya ba, tsoron uba ne. "Marrit, ki yi tunani. Magani har ƙarshen rai. Mura kaɗan, asibiti. Zuciyar nan shekara nawa za ta yi? Ba wanda ya sani. So kike ki zama bazawara da ƙuruciyarki?"

Na buga tebur har kofuna suka yi tsalle. "A gabana kake lissafa wa yaro kabari? Tawa ta haura shekara ashirin! Na binne mutanen da suka zo duba ni da furanni! Gaskiya ne ba wanda ya sani, wasunmu ba su daɗe ba, na raka su. To kai ka san taka?"

"Kawu, ya isa," in ji Marrit. "Baba, kai ma ya isa."

Ta kama hannun Jelmer ta juya tafin sama. A jiƙe yake sharkaf. Ta dubi idonsa, ta dubi kunnuwan nan jajaye. Sannan ta kwance agogon daga hannunsa ta ajiye a gaban ubanta, ta ɗora tafinta a kan tabon.

"Zan jira," ta ce.

Aka jira. Wytse ya leƙo da gorarsa ya koma. Kofina ya huce. Can sai na ga idonta ya ciko, ta ƙara danna hannun.

"Ga ta nan," ta ce. "Ta iso. Kai Kunkuru, kamar za ta fasa min hannu."

"Kuma ba ta saurin sauka," in ji shi. "Idan kin tafi, sai in daɗe ina fama da ita. Shi ya sa nake zuwa in zauna in sha kofi. Walƙiya, ban san shekarun da zan ba ki ba. Amma duk naki ne, idan kina so."

"Ina so. Kuma daga yau duk ranar asibiti tare za mu, ba don in yi jinyarka ba, don kar ka sake yi min ƙarya. Baba, ka ji. Shi zan aura. Ka zo bikin ko kar ka zo."

Douwe ya daɗe yana kallon agogon da ke kan tebur. Sai ya ce, da muryar mai ciwon haƙori, "Yana shan miyar wake kuwa? Lahadin da ya zo bai ƙarasa tasa ba."

Da bazara aka ɗaura aure a ofishin magajin garin Harlingen, ni ne shaidar ango, da kwat ɗin da na yi aurena da ita. Aka yanka kek mai ruwan hoda, aka hau jirgin da Jelmer ya ƙera da hannunsa, amarya ce a kan sitiyari tana yi wa kowa tsawa. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu ƙafar uwarsu da haƙurin ubansu, ya ji ƙan wanda ya bar wa yaron nan zuciya, da wanda ya bar min tawa.

An ce wasu masu dashe jijiyoyinsu suna ɗan tsirowa bayan shekaru. Nawa ba su tsiro ba, taurin kai gare su kamar mai su. Don haka duk wanda yake ganin tatsuniya na shirya, ko yake ganin Douwe ne mai gaskiya, ya zo tashar jiragen Harlingen ya tambayi Siebe, kowa ya san bencina. Ya ɗora hannu a ƙirjina, ya zage ni, ya zagi jirgina, ya ji ko za ta motsa. Amma ina ba shi shawara, kar ya tsaya har saƙon ya iso.