Inda Gaɓa Ta Tsaya

A shekara ta bakwai ta sarautar Ozur ɗan Tolf, farkon hunturu, yaƙinsa da ƙanensa Barsi ya ƙare. A gaskiya ba wanda ya ci, mutane ne kawai suka ƙare. Barsi ya tsere shi kaɗai zuwa bakin teku, ya yar da gatarinsa, ya zauna a gaɓa. A ƙasarmu kuwa ba a zubar da jini a gaɓa, domin ita ba ta sarki ba ce, ba ta teku ba.

Amma Ozur ya riga ya dafa zoben tsafi ya rantse: ranar da idonsa ya ga Barsi a kan ƙasarsa, sai ya kashe shi. Dakaru suka zauna bisa tudu suna jiran ruwa ya ciko, ya koro musu shi.

Sarki ya daɗe yana kallon ruwan, sa'an nan ya kira tsoho Girimkel mai riƙon doka.

"Baba, a ina gaɓa take tsayawa?"

"Ranka ya daɗe, masunta sun ce inda ruwan yau ya ajiye ciyawarsa. Doka ta ce iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa."

"Ina ya taɓa kaiwa?"

"Shekarar da aka haife ka, ya taɓa bangon bukkar masu dafa gishiri."

Sarkin yaƙi ya yi tsaki. Sarki bai ko dube shi ba, ya sa aka kafa dutse a bayan bukkar, ya sauka ba makami.

"Yaya, ka zo ka ga yadda nake iyo?" in ji Barsi.

"Kai da ko rafi ba ka iya hayewa. Ga bukka can. Kada ka wuce dutsen nan. Na gaji, Barsi."

Shekara goma sha tara Barsi yana dafa gishiri. Duk bazara sarki kan sauko da tulun giya, su ci busasshen kifi, su yi gardamar wanda ya fara tsokana. Kakana ya gan su, ya ce ba su taɓa daidaitawa ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Ozur, ba wanda ya aika wa Barsi. A bakin masunta ya ji. Da hantsi ya ɗauki sandarsa ya wuce dutsen.

Sarki ya ji takunsa a ƙofa, ya rufe ido.

"Wa ke nan?"

"Mai gishiri ne, Yaya."

"To, ni ban ga kowa ba. Matso."

Ya riƙe hannun ƙanensa har rana ta karkata, ya cika bai buɗe ido ba.

Sitenar, ɗan Ozur da ya gaje shi, bai yi rantsuwa ba, amma yana tsoron kada tsofaffin dakaru su tuna Barsi ma ɗan Tolf ne. Ya bar shi ya fita, ya tura mutum uku a bayansa. Barsi tsoho ne, ba ya sauri. Suka cim masa saura taku goma ya kai dutsen, suka kashe shi.

Haka magabata suka faɗa. Ni abin da ke ci mini rai shi ne, Ozur da dukan mulkinsa abin da ya iya ba ɗan'uwansa ke nan, ɗan yashi mai faɗin jifa. Yau in ka tambayi yaranmu mene ne gaɓa, sai su ce wurin shanya komar kamun kifi. Dutsen yana nan, masunta na ɗaure jirage a jikinsa.