Wadda Ta Fara Dariya

Ni ne Ƙyas mai hoto. Na taɓa ɗaukar sauro yana hamma, ku tambayi kowa. 

Ran nan dab da magariba na dawo gida, kyamarata mai fitar da hoto nan take a wuya, saura takarda ɗaya a ciki. Na tarar da matata a ƙofar ɗaki, zaninta a karkace.

"Malam," ta ce da raɗa, "Auta ta zama biyu."

Na leƙa. Ɗakin na warin toka mai jiƙa. 'Yata ce zaune bakin gado, shekara shida, da tabon goshinta. Kusa da ita, ita ce dai.

"Baba," suka ce.

Na kasa kunne. Muryar ɗaya ta makara kaɗan, kamar amsa-kuwwa. Wannan ta sosa kai, waccan ta sosa. Ɗaya kwaikwayon ɗaya take, amma ido bai isa ya kama wadda ta fara ba.

"Inuwarsu na shigewa cikin juna," in ji matata. "In rana ta faɗi wa zan ɗauka? Ka yi wani abu!"

Na ɗaga kyamara. In na danna da wuri, duk suna zaune shiru. In na makara, duk sun motsa. Tsakanin nan nake nema, bai kai ƙiftawar ido ba.

Na jira. Hasken taga ya koma ja.

"Danna mana!"

"Yi shiru, Hajiya."

"To ka ba su dariya. Ko da yake kaf gidan nan ba mai dariyar shirmenka."

Na murguɗa baki, na yi kukan akuya.

Leɓe ya motsa.

Ƙyas!

Takarda ta fito. Na yi ta kaɗa ta, ina salati. A hankali fuskoki suka bayyana. Ta hagu baki buɗe. Ta dama ko fara murmushi ba ta yi ba.

Na fizgo ta hagu, muka faɗo tsakar gida. A bayanmu wani abu ya yi kuka, siriri, ya ɗauke. Muka koma, gado wayam.

Auta ta girma, har da 'ya'yanta. Hoton yana ƙasan akwatina, ba na fito da shi.

Har yau ita kaɗai ke dariya in na yi kukan akuya.