Abin da Ya Hau Tabarmar Mama Losa

Ranar da Peni ya fara ganin Fetuao, tana tsaye a harabar coci tana fama da mala'iku. Ana shirin Lahadin Yara ne, yaran da aka yi wa shigar mala'ikun kuwa sun zauna a kan fukafukansu na kwali sun ce sun gaji.

Peni sabon malamin firamare ne da aka turo ƙauyenmu daga Apia, babban birnin ƙasarmu, shi fasto ya roƙa ya rubuta wa yaran wasan kwaikwayo. Fetuao ta ɗago takardar wasan ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, kai ka rubuta wannan? A wace sura ce ta Littafi Mai Tsarki kifi ya yi magana?"

"Ai jakar Bal'amu ma ta yi magana," in ji shi.

"Jaka daban, kifi daban."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Shi ke nan, malam ya faɗa kogin so tun bai cire takalmi ba.

Peni marubuci ne, irin waɗanda suke ƙirƙiro duniyar da babu ita. Ya daɗe yana rubuta littafi a kan wasu tsibirai da Sarkinsu Mai Fitila, wanda yake nutsewa ƙarƙashin teku yana neman waɗanda ruwa ya ci, ya kira kowa da sunansa. Duk Kirista ya san wa ake nufi. In an ce masa tatsuniya yake yi, sai ya ce Ubangiji Yesu ma da misalai ya koyar da mutane.

Kafin wata ya zagayo, wayoyinsu sun daina hutawa.

"Tauraruwata, yau Sarki ya ƙi motsi, na rasa abin rubutawa. Laifinki ne, ke kika cika min kai."

"Malam Kifi, ka yi addu'a ka ci abinci. Na ajiye maka gwaza da miyar kwakwa a wurin matar fasto. Kada ka ce ni na aiko."

Mahaifinta, Baba Tuala, babban dattijon coci ne, mutumin da ko tari ya yi sai matasa su gyara zama. Da labari ya kai masa, bai ɓoye ba.

"Kakanninmu sun bar aljanun teku sun bi haske, shi kuma yana dawo mana da su a takarda. 'Yata ba za ta auri mai ƙirƙirar ƙarya ba."

Shi dai ransa yana kan Simi, ɗan fasto, wanda ke karatu a makarantar horar da fastoci. A nan wurinmu 'yarka ta zama matar fasto ba ƙaramin abu ba ne. Simi kuwa ba mugu ba ne, sai dai ya san ana son sa, kuma ya san wa ya tare masa hanya.

Wata Asabar da rana Peni da Fetuao suna zaune a bakin teku, ya karanta mata inda Sarki ya tarar da wani masunci a ƙarƙashin ruwa. Da ya ɗago kai, sai ya ga tana kuka.

"Yayana Ioelu ya fita su, kwalekwalen ya dawo shi kaɗai," ta ce. "Ka ga kowa yana da kabarin mamacinsa a ƙofar gida, ya share, ya zauna a kai ya yi hira. Mu ko gawa ba mu samu ba."

Ta rage murya.

"Mama ta kasa haƙura. Wata safiya ta ja ni nan, ta shimfiɗa tabarma, muka jira, yadda mutanen dā suke yi. Abu mai rai na farko da ya hau tabarmar ta naɗe shi a farin ƙyalle a madadin gawar Yaya, ta binne a gindin furen da ke kusa da tankin ruwanmu. Can take zuwa ta yi masa waƙa. Baba bai sani ba. Peni, kai kaɗai na gaya wa."

Ya riƙe hannunta ya yi alkawari, kuma da gaske yake. Amma marubuci kamar kaza yake, duk abin da ya faɗo gabansa sai ya tsattsaga. Labarin ya hana shi sukuni har sai da ya zuba shi a littafin. Ya canza sunaye, ya sa farar tsuntsuwa ta sauko daga sama ta sauka a kan tabarmar, ya gaya wa kansa cewa ta'aziyya yake rubuta wa duk uwar da ta rasa ɗa. Sai dai ya bar furen, ya bar tankin, ya bar waƙar. Bai kuma nuna wa Fetuao babin ba, don a can cikin ransa ya san abin da za ta ce.

Aka buga littafin a Apia, kwafi kaɗan suka hayo jirgin ruwa zuwa tsibirinmu. Simi ne ya karanta babin a taron matasa, da ƙarfi, a hankali, yana tsayawa inda ya kamata a tsaya. Ƙauyen da kowa ya san abin da ke tukunyar maƙwabcinsa bai buƙaci ƙarin bayani ba.

Kafin Lahadi, zumuntar mata ta sauke Mama Losa, mahaifiyar Fetuao, daga shugabanci. Aka ce matar dattijon coci ta koma wa al'adar duhu. Baba Tuala ya daina zama a kujerar gaba. Mama Losa kuwa ta daina fitowa ko ƙofar gida.

Saƙon Fetuao ya shigo Peni yana cikin aji.

"Na ba ka hawayen uwata ka riƙe min, ka je ka yi ado da su. Kada ka sake kira na Tauraruwa."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Abin da ya iya aikawa shi ne: "Na yi zunubi. Ba ni da hujja."

Ba ta amsa ba. Ba da daɗewa ba ya ji ana cewa dangin Simi sun fara tara tabarmin neman auren Fetuao.

Baƙin ciki ya kwantar da Peni. Ya kasa rubutu, ya kasa addu'a, in ya buɗe Littafi Mai Tsarki sai idonsa ya faɗa kan maƙwabcin da aka ce a ƙaunata. Ya yi ta rubuta Sarkin da ke ɗaukar nauyin mutane, shi kuwa ya ɗora wa tsohuwa nauyi ya tsaya gefe. A ƙarshe ya hau jirgi ya tafi wurin Kawu Leota, shugaban danginsu, ya kwashe komai ya gaya masa.

Tsohon ya daɗe yana kallon sa.

"Ɗan banza. Duk 'yan gidanmu suna kama kifi, kai ka tashi kama magana." Ya yi ajiyar zuciya. "Je ka gaya wa innarka ta ciro babbar tabarmar. Ifoga za mu yi."

Wato neman gafara irin na gargajiyarmu. Ifoga ba wasa ba ce. Shugaban dangi da kansa zai zauna a ƙasa a gaban gidan waɗanda aka ɓata wa, a lulluɓe shi da tabarma mai daraja, ba zai tashi ba sai masu gidan sun yaye ta. In ba su ga dama ba, su bar shi a nan duniya na kallo.

"Kawu, a sa ni a ƙarƙashinta tare da kai," ya ce.

Da asuba suka zauna a gaban gidan Baba Tuala, kansu a sunkuye, tabarmar ta rufe su. Rana ta fito ta gasa su, ruwa ya zo ya jiƙa su, rana ta sake dawowa. Peni yana jin numfashin kawunsa yana sarƙewa, ya yi kuka don tausayin tsohon da ya ja cikin wannan kunya. Yana jin sawun mutane suna wucewa ba mai cewa uffan.

Ana dab da busa ƙahon addu'ar yamma, ya ji tafiya a hankali, sai haske ya shigo. Ba Baba Tuala ne ya yaye tabarmar ba. Mama Losa ce, ta rame, littafin a hannunta. Mijinta yana tsaye a bayanta, Fetuao tana rakuɓe jikin ginshiƙin gida.

Aka shigar da su ciki, dattawa suka yi jawabansu. Da aka gama, Peni ya durƙusa.

"Mama, zan tattaro littattafan duka in ƙona. Ba zan sake rubutu ba."

"Rufe min baki," ta ce. "Na sa Fetuao ta karanta min. Inda Sarkin nan ya kira yaron da sunansa a ƙarƙashin ruwa, ka gani ne da idonka?"

"Ban gani ba, Mama. Na dai gaskata babu zurfin da hannun Ubangiji bai kai ba."

Ta share ido da gefen zanenta.

"Tun da ruwa ya ci ɗana, kowa cewa yake in yi haƙuri. Ba wanda ya taɓa ce min an je an ɗauko shi." Ta buɗe littafin ta dangwala yatsa. "Amma ka yi min sata, kuma ka yi ƙarya. Satar na yafe. Ƙaryar ce za ka gyara. Wace irin farar tsuntsuwa? Ƙaguwa ce ta hau tabarmata, 'yar mitsitsiya, ƙafarta ɗaya a karye. Na ji haushi, na ce Ubangiji, wannan ne abin da za ka ba ni? Amma ita ya aiko, ita na rungume. In za ka rubuta aikin Allah, kada ka yi masa kwalliya."

Baba Tuala ya yi gyaran murya.

"Na daɗe da sanin abin da ke gindin furen nan, Losa. Wa kike zaton yake ba shi ruwa in kin tafi kasuwa?"

A nan ne Mama Losa ta fashe da kuka, Fetuao ta ruga ta rungume ta, dattijon da ƙauye ke tsoro ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

Washegari wayar Peni ta yi ƙara.

"Malam Kifi, ban gama fushi ba. Amma Baba ya mayar wa dangin Simi amsarsu, ya ce a'a. Ka zo ka ci abinci, ka rame."

An ɗaura auren bayan shekara ta juyo, bayan an sake buga littafin da ƙaguwarsa, da izinin mai labarin. Zumuntar mata ba ta mayar wa Mama Losa kujerarta ba, ita ma ba ta nema ba. Da aka fito daga coci, kafin a taɓa abinci, amarya ta ja hannun ango zuwa bayan tankin ruwa, iyayenta suna biye.

"Yaya Ioelu," ta ce tana hawaye, "ga mijina na kawo maka."

Baba Tuala ya ɗora hannu a kansu su biyu.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya cika gidanku da 'ya'ya. Wanda ya san zurfin teku, ya san sunan kowannenmu."

Mama Losa ta ce amin, ta ɗauko waƙar da ta saba yi ita kaɗai, wannan karon su huɗu suka rera ta.