Baƙin Madobiya

Gatari kawai Maikano ya koma ɗaukowa, ana gab da magariba. A shekarun nan gyaɗa ta yi daraja, kowa a ƙasar Doguwa sai sare daji yake yi. A sabuwar gonar Maikano saura madobiya guda, ƙatuwa. Da hantsi ya zagaye gindinta da sara, ya ɓare ɓawon don ta bushe a tsaye. Matarsa Zuwaira ta ce, "Malam, ka yi wa masu wurin sallama kuwa? Ba a kashe babban itace sai an ba su lokaci sun tashi." Ya ce damina ba ta jiran sallama. Maikano ke nan, kunnen ƙashi.

Ya tarar da gatarin a jingine. Jan ruwan itacen na tsiyaya kamar jini, har ya jiƙa ƙotar. Ya saɓa, ya nufi gari.

Ya yi tafiya, ya ɗaga kai. Madobiyar ce a gabansa.

Ya yi gabas. Ita ce. Ya ruga yamma yana tuntuɓe da kututture. Ita ce dai. Yana jiyo kiran salla can nesa, amma babu hanya. Tsoro ya rufe shi, ya fara addu'a, harshe ya sarƙe.

Sai ya ji tari a cikin itacen. Kukan jariri. Motsin jama'a a matse, da ƙaurin hayaƙin girki.

"Maikano." Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa. "Duk itacen da kuka kayar, nan muka taru. Yau ka yanke wannan. Ina za mu?"

"Ki yi mini rai, Iya."

"Ba ka fita sai ka faɗa. Ina za mu?"

Rassan suka sunkuyo. Numfashi mai ɗumi ya sauka a ƙeyarsa.

"Gidana! Akwai wuri a gidana!"

Nan take ga hanya. Ya ruga. A bayansa taku mai yawa, ba gaggawa.

Madobiyar ta bushe. Tun daga ranar, turmin gidan ke daka shi kaɗai da magariba. Zuwaira ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta a Tudun Wada. Shi kuwa duk inda ya nufa, ƙofar gidansa yake tararwa a gabansa. Ya shuka madobiya a tsakar gida, yana ban ruwa, yana korar awaki, don tsohuwar ta ce za su tashi daga gidan in shukar ta yi inuwa.

Ranar da na leƙa shi, abin ya ba ni tausayi. Gemunsa ya fara furfura, shukar ko gwiwarsa ba ta kai ba.