Injiniyan da Ya Jera Kujeru a Rana

Ranar da Marelvis Cantillo ta fara ganin Fabián Guáqueta, rigarsa ce ta fara jan idonta. Ƙarfe huɗu na yamma a Barranquilla, birnin bakin teku mai tsananin zafi, 'yan unguwar La Ceibita sun cika wani aji na makarantar firamare, kowa na fifita da abin da hannunsa ya samu, sai ga mutum ya shigo da riga mai dogon hannu, ya ɓalle maɓallinta har wuya. Ba sai an tambaya ba, kowa ya gane cachaco ne, mutumin Bogotá, can kan tudu inda ake kwana da safa.

Ofishin kula da filayen shaƙatawa na birni ne ya turo shi. A shekarar an ware kuɗin gyara filaye ashirin, na La Ceibita yana ciki, amma da sharaɗi: shugaban kwamitin unguwa ya sa hannu a kan zanen kafin ƙarshen Afrilu, in ba haka ba kuɗin ya wuce wata unguwar. Shugaban kwamitin kuwa Don Eliécer ne, tsohon direban bas, mahaifin Marelvis. Ita ce sakatariya, kuma a ajin da take koyarwa ake taron.

Zanen ya yi kyau, wannan ba a hana shi ba. Ga ciyawa shimfiɗe, ga lilon yara. Sai dai daga cikin bishiyoyin mangwaro tara da ke filin za a sare bakwai, wai saiwoyinsu na fasa daɓe. Don Eliécer ya shekara talatin yana buga wasan domino a gindin ɗaya daga cikinsu. Ya bari baƙon ya gama, sannan ya tambaye shi a ina mutane za su zauna.

Fabián ya ji daɗin tambayar. Ya nuna kujerun ƙarfe goma sha biyu a jere a tsakiyar fili.

"Nan, yallaɓai. Na zaɓi wurin da rana ta fi samu, tun safe har yamma."

Can wata tsohuwa daga baya ta tambaya ko gasa su gwamnati take so ta yi, ajin ya kwashe da dariya. Don Eliécer ya tashi ya fita, bai ko kalli takardar ba.

Marelvis ba ta yi dariyar ba. Ta ga yadda kunnuwan baƙon suka yi ja yana naɗe zanensa, tausayinsa ya kama ta, da wani abu kuma da ba ta tsaya tantancewa ba. Ta miƙa masa ruwan sanyi. Ya ce mata a garinsu kujerar da rana ke bugawa har rigima ake a kanta.

"To gobe ƙarfe biyu ka zo ka zauna a wurin da ka zana," in ji ta. "In ka kai rabin awa, ni da kaina zan roƙar maka Baba."

Ya zo kuwa. Tana kallonsa ta tagar aji, ya ajiye kujera a tsakiyar fili ya zauna kamar mai jiran hukunci. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Malama Marelvis, minti sha tara na yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za ki koya mini filin nan?"

Ta bari ya jira awa guda, don kada ya ga kamar ɗoki take yi, sannan ta amsa:

"Fara sayen hula da riga mai gajeren hannu, Ɗan Sanyi. Sai mu ga ko kana koyuwa."

Daga ranar kullum yana filin da bokitin farar ƙasa. Duk awa sai ya zagaye iyakar inuwar kowace bishiya da layi. Ya rubuta inda tsofaffin mata ke ajiye kujerunsu masu lilo, da inda mai soya wainar masara ke kafa kaskonta, da hanyar da ɗalibai suka tattake da ƙafa don ba sa bin wadda aka yi musu. In an tashi makaranta Marelvis ta kan kawo masa ruwan tsamiya mai ƙanƙara, wai don kada ya faɗi a ɗora wa kwamiti laifi. Unguwa dai ta san ba kwamiti ne ya aiko ta ba.

Wata rana yana durƙushe yana jan layi ya ce, "Kin san ƙarfe nawa na fi so a filin nan?"

"Lokacin da rana ta faɗi, ka huta."

"A'a. Uku da rabi. Lokacin da ƙofar ajinki ke buɗewa."

"Ji shi, mutumin da hancinsa ke saɓa don ƙuna, har ya samu bakin zance."

"Sarauniyata, da gaske nake."

Ta ce ya sha tsamiyarsa kafin ƙanƙarar ta narke. Amma a ranta ta san ta riga ta kamu, kuma abin ya yi mata daɗi.

Da maganar ta kai kunnen Don Eliécer, bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. Ya ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai a neme shi a rasa. Mahaifiyar Marelvis, Doña Ledys, ita ta fassara mata sauran a kicin. Yayan Marelvis ya tafi Bogotá neman aiki shekara shida da suka wuce, sau biyu kawai ya leƙo gida. Ita kaɗai ta rage wa tsohon, kuma tsoronsa kada wani ya ɗauke ta ya hau tudu da ita. Shi ya fi son Osneider, ɗan abokin dominonsa, mai gidan buga bulo a bayan layi, wanda ko bakin teku ba ya zuwa sai da dalili.

Osneider ya daɗe yana jiran Marelvis ta gaji ta kula shi. Da ya ga abin na neman suɓuce masa, sai ya fara cewa a shagon aski ai cachaco ba ya soyayya a banza: ya kasa shawo kan uba, ya zagayo ta wajen 'ya, da zarar an sa masa hannu ko sallama ba zai yi ba. Zancen shagon aski kuwa ba ya kwana bai zaga unguwa ba.

Marelvis ta yi banza da maganar, sai da saura kwana biyar wa'adin ya cika wannan saƙon ya shigo:

"Sarauniyata, ki taimaka ki haɗa ni da Baba. Lokaci na ƙurewa, kuma ke kaɗai yake ji."

Ta karanta sau uku. Kowane karatu sai ta ji muryar Osneider a ciki. Ranta ya ɓaci, kunya kuma ta kama ta, don a gaban unguwa duka ta yi ta jigilar tsamiya. Ta rubuta:

"Sakatariyar kwamiti tana karɓar takardu ranar Talata. Ka kawo taka."

Ya kira ba ta ɗauka ba. Ta daina bi ta filin, ta koma zagayawa ta bayan coci.

Ranar ƙarshe ta Afrilu, da la'asar, Don Eliécer ya aika a kira Fabián gindin mangwaro, ya ce Marelvis ta zo da hatimin kwamiti. 'Yan unguwa sun matsa masa lamba, suna cewa fili mai rana ya fi babu. Shi kuma ya yi nasa tunanin. Ya ture 'ya'yan domino gefe, ya zaro biro.

"Kawo takardarka, injiniya. Zan sa hannu. Ka samu abin da ya kawo ka, sai ka kama hanyar garinku."

Marelvis ta kafe idonta a kan hatimin. Ta ji ƙarar takarda, ta ɗauka buɗe ta ake yi. Da ta ɗago sai ta ga ninke ta Fabián yake.

"Yallaɓai, kada ka sa hannu. Abin da nake ta neman in faɗa maka ke nan. Zanen nan ba shi da kyau, ni na yi shi, na sani. Na yi sabo wanda ba a sare ko reshe, amma ofis sun ce duba shi zai ci wata biyu, sai dai a jira baɗi."

"Kai kuma fa? Me suka ce maka?"

"Sun ce in ban kawo sa hannun yau ba, ba za su sabunta mini aiki ba."

Abokan domino suka kalli juna. Don Eliécer ya tambaye shi ko ya san kuɗin zai wuce wata unguwar, kuma shi za a zaga. Fabián ya ce ya sani. Ya ce bishiyar da ta shekara hamsin ba a mayar da ita da kuɗin baɗi, shi kuwa ba zai iya bi ta filin nan kullum yana kallon kututture ba.

"Kullum?" in ji tsohon.

"Ba inda za ni, yallaɓai. Ko ba a ba ni 'yarka ba, na riga na kama ɗaki a layin kasuwa."

Marelvis ta mayar da hatimin cikin jaka. Kafin ta isa gida ta rubuta masa:

"Ɗan Sanyi, na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini. Gobe uku da rabi."

An zagi Fabián kuwa, har da waɗanda suka yi masa dariya a taron farko. Kuɗin ya wuce wata unguwar, aikinsa na ofis ma ya tafi. Ya koma zana wa wani magini gidaje, Asabar da Lahadi kuma yana zaune da kwamiti suna gyara sabon zanen, kowace tsohuwa na nuna inda take son kujerarta. Unguwa ta dafa farfesun rogo da ayaba a manyan tukwane aka sayar, don a nuna wa ofis su ma da nasu ƙoƙarin. Osneider da ya ga ba riba ya ba da bulo ɗari, ya nemi wata budurwa a unguwar gaba.

Don Eliécer bai sauko da wuri ba. Wata goma sha ɗaya yana amsa gaisuwar Fabián da ka kawai. Sai da shekara ta zagayo, La Ceibita ta sake shiga jerin, ma'aikata suka fara kafa kujerun katako a gindin bishiyoyi, sannan wata Lahadi ya ce wa Doña Ledys ta ƙara faranti ɗaya a tebur.

An ɗaura auren a cocin unguwa cikin watan Agusta, aka yi liyafa a filin, rabin aikin ma ba a gama ba. Mahaifiyar Fabián ta zo daga Bogotá ita kaɗai, ƙaramar mace mai furfura, ta yini tana fifita tana kallon ɗanta. Don Eliécer ya daɗe yana lura da ita. Ya san irin wannan kallon, shi ma da shi yake bin motocin da ke tafiya tudu.

Da aka zo sa albarka ya dafa kan amarya da ango, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, jama'a suka amsa da amin. Sannan ya riƙe hannun Fabián bai saki ba, ya rage murya, amma Marelvis ta ji.

"Baiwar Allahn can ita ma ɗa ɗaya gare ta. In Kirsimeti ya zo ka kai matarka ku yi shi a wajenta. Ka saya mata rigar sanyi mai kauri, ba ta saba ba." Ya ƙara matse hannun. "Amma ɗana, ka dawo mini da ita."