Ƙafar Kaza a Kan Rufin Asibiti

Ƙarfe bakwai na safe Sista, malamar jinyar asibitin unguwa, ta ga jar fitila tana ƙiftawa a jikin akwatin batirin sola. Ta buga shi da tafin hannu, yadda take buga duk abin da ya ƙi aiki. Fitilar ba ta daina ba. Sai ta fita tsakar asibitin ta ɗaga kai. Jiya da yamma farantan sola goma sha biyu ne a kan rufin. Yanzu babu ko ɗaya, sai ƙarafan da aka ɗora su a kai, tsirara kamar haƙarƙari.

Ba ta yi ihu ba. Ta koma ɗakin haihuwa da gudu, inda wata bakwaini 'yar kwana biyu take kwance da siririn roba a hanci. Na'urar da ke ba ta iskar numfashi tana gurnani a gefe, tana shan abin da ya rage a batir.

Kwana tara ke nan unguwar babu wutar gwamnati, tun da zafi ya ƙona taransifoma.

Kofur 'yar sanda ta iso ƙarfe takwas. Yarinya ce siririya mai tabarau, wadda a ofis ake kira 'Yar Karatu, don ko takardar da aka ƙunso gyaɗa ta samu sai ta karanta ta. Muryarta takan yi rawa idan tana tambayar manya. Ta san da haka, shi ya sa take rubuta tambayoyinta tukuna.

"Batirin zai kai yaushe?" ta tambayi Sista.

"Ƙarfe uku. In Allah Ya tausaya mana, uku da rabi."

"Babban asibiti fa?"

"Tafiyar awa uku ce, ƙanwata, kuma motarmu ba ta da tulun iska. Gawa zan kai musu."

"Janareta?"

Sista ta yi wata dariya mai ɗaci. "Muna da shi, tsoho ne amma ba ya kunyata mu. Igiyar tayar da shi ma da bandeji na ɗaura ta da ta tsinke. Ranar da Minista ya zo buɗe solar nan, makonni uku da suka wuce, aka ɗauke shi. Wai hayaƙi ya zama tarihi. Har tafi muka yi."

Kofur ta rubuta. Sannan ta hau tsani.

Kwanon rufin ya riga ya yi zafi, har yana cizon tafin hannu. Ta duba ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Babu alamar zarto, babu alamar guduma. Ta shafa kusar da noti ya fita daga kanta, yatsanta ya dawo da giris. Ta nemi notunan a kan rufin da ƙasansa, ba ta ga ko guda ba. Bakin kowace waya an naɗe shi da baƙin salatif, tsaf. Ƙasa kuma kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau.

Ta sauko ta sami Sufeto, shugabanta a ofis, ya riga ya sa wa maigadin asibitin ankwa. Tsoho ne mai furfura, yana zaune a ƙasa, idonsa a kan tagar ɗakin haihuwa.

"An gama," in ji Sufeto. "Mabuɗi a hannunsa, kwaɗo ba a fasa ba. Daraktan shirin sola da kansa ya kira ni daga ma'aikatar makamashi tun shida da rabi, ya ce kada in bari maigadi ya sulale. Ke kuma kina can sama kina karatun kwano."

"Yallaɓai, a ba ni minti biyar da shi."

"Uku."

Ta tsuguna. "Baba, ina kake da asuba?"

"A ciki, 'yata. Jaririyar nan jikata ce. Ta shiɗe wajen ƙarfe biyar, Sista ta ce in zo in riƙe uwar don tana neman faɗowa daga gado. Ban fito ba sai da gari ya waye sarai." Ya dubi ankwar hannunsa. "Na bar ƙofa, wannan laifina ne. Amma ni zan cire wa jikata numfashi in kai kasuwa?"

"Wa ke da mabuɗi bayan kai?"

"Sista. Sai wanda masu aikin ma'aikata suka karɓa lokacin da suke kafa su. Ba su dawo da shi ba."

"In ka ga farantan za ka gane su? Ai duk kamarsu ɗaya."

Tsohon ya dube ta kamar ta zage shi. "Kullum da safe ni nake wanke su da tsumma. Na uku daga hagu yana da tsaga a kusurwa, reshe uku, sak ƙafar kaza. Da ita ya zo. Na faɗa musu, suka ce in kama gabana."

Sufeto ya tasa ƙeyar tsohon zuwa mota. Ƙarfe tara da kwata.

Mai waldar da ya kafa ƙarafan yana da rumfa a bayan tasha. Shi ne na biyu a jerin waɗanda Kofur take zargi, domin shi ya san yadda ake kwance abin da ya ɗaure. Ya ɗaga tabaran walda ya dube ta sama da ƙasa.

"Hukuma da kanta! In ƙofar gidan yari ce ta lalace, yau ba ni da sarari."

"Malam, ina kake da asuba?"

"Nan. Zafin nan ya mayar da mu jemagu, tun ƙarfe huɗu muke aiki kafin rana ta gasa mu. Tambayi mai shayi, shi ya ƙosa da ƙarar injina."

Ta tambayi mai shayi. Ya tabbatar, har da ƙorafi. Ta dawo.

"Idan ka kafa sola, yaya kake hana ɓarawo kwancewa?"

"Ɗigon walda a kan kowane noti. Sai dai ya zo da zarto ya tashi unguwa."

"Me ya sa na asibiti babu ɗigo, sai giris?"

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya shiga goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti.

"Malam, akwai jaririya a can. Ƙarfe uku iskarta za ta ƙare."

Ya ajiye tsumman, ya ce, "Haka aka ce in yi. Darakta ya ce kada in kashe noti, in sa giris. Wayar ma cewa ya yi kada in wahalar da kaina, hoto kawai za a ɗauka. Sista ce ta tsaya a kaina kamar uwar miji sai da na haɗa da tsofaffin batiranta. Ni dai ƙarfe nake bugawa, ban tambayi dalili ba. Mai iyali ba ya yawan tambaya."

Ƙarfe goma sha ɗaya ta isa ma'aikatar makamashi. Sanyin na'ura ya dake ta a ƙofa har tabaranta suka yi hazo. Sakatare ya ce Darakta ya fita, yana shirin babban taro, ta zauna ko ta tafi.

Ta zauna. Awa ɗaya ta wuce. Ta kira Sista, ta ji muryarta ta dushe: an kashe fanka, an kashe firjin allura, an kashe komai sai na'urar. Uwar tana yi wa jaririyar fifita da murfin kwali. Kofur ta ajiye wayar. Ba ta da komai sai giris a yatsa da maganar mutumin da ba zai maimaita ta a gaban alƙali ba.

Idan tsoro ya kama ta, karatu take yi. Ta karanta sanarwar hutu. Ta karanta dokar kashe gobara. Sannan ta miƙe ta tsaya gaban kalandar ma'aikatar da ke rataye a bango. An rubuta a samanta cewa asibitoci goma sha biyu sun rabu da hayaƙi a bara. Kowane wata da hoton asibitinsa, Minista yana yanka zare, farantai suna ƙyalli a kan rufi.

Ta ƙirga na watan farko. Goma sha biyu. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa takardar. Na uku daga hagu, a kusurwa, wani ɗan zane mai reshe uku.

Ta ɗaga shafi. Wani gari, wani rufi, ƙafar kaza. Ta sake ɗagawa. A nan ta koma ta biyar daga hagu, amma ita ce. Ta ɗaga har ƙarshen shekara. A hotuna tara tsagar ta fito sarai. A sauran ukun kan Minista ya rufe wurin.

"Malam," ta ce wa Sakatare, "taron na yau na mene ne?"

Ya turo mata katin gayyata ba tare da ya ɗago ba. Buɗe solar sabon asibitin bakin kogi, ƙarfe biyu na rana.

Ta cire kalandar daga ƙusa ta naɗe. Sakatare yana kiranta, ba ta juya ba.

Da ta koma ofis, Sufeto bai so ya saurare ta ba. Ta shimfiɗa masa kalandar a kan tebur, ta ce, "Yallaɓai, ƙarfe nawa Darakta ya kira ka?"

"Shida da rabi."

"Sista ba ta ga rufin ba sai bakwai. Wa ya gaya masa?"

Sufeto ya daɗe yana kallon hotunan. Sannan ya jefa mata mabuɗin ankwa. "Tafi da tsohon ya shaida kayan. In abin ya ɓaci, ban san kin fita ba."

Mai walda ne ya kai su a motarsa ta ɗaukar kaya. Sun isa biyu da kwata. An kafa rumfuna, an jera kujeru, Minista yana kan jawabi a kan ɗumamar duniya da alkawarin da ƙasa ta ɗauka a gaban sauran ƙasashe. Kusa da shi an kafa allo da ƙwan fitila babba, wanda zai kunna da hannunsa.

Baba maigadi ya sa hannu ya kare rana, ya dubi rufin. Ya nuna da yatsa. "Ga ta can. Ta biyu daga dama."

Kofur ta duba agogo. Kwancewa, lodi, tafiya, sake haɗawa: mai walda ya ce awa biyu a ƙalla, kuma kafin nan rana ta karkata. Ta gano ɓarawo, amma jaririyar za ta mutu.

"To wai ma," in ji mai walda yana leƙen rufin, "ba a haɗa wayar ba. Da me za su kunna fitilar?"

Kofur ta dube shi. Ta dubi allon. Wata waya ta fito daga bayansa, an rufe ta da darduma, ta bi gefen gini. Ta bi ta. A bayan banɗaki, cikin wani akwatin katako da aka lulluɓe da katifa don kashe ƙara, janareta yana aiki, cike da mai. Igiyarsa a ɗaure da bandeji.

Ta ji an ce a lasifika, "Yanzu mai girma Minista zai kunna hasken rana." Ta sa yatsa ta kashe janaretan.

Da ta zagayo gaba, Minista yana ta danna makunni, fitila ta ƙi. Darakta, wani mai ƙiba da gumi ya jiƙa wa wuyan riga, yana cewa ƙaramar matsala ce. Kofur ta ratsa kujeru ta tsaya gaban masu ɗaukar hoto. Ba ta rubuta komai ba wannan karon. Muryarta ta yi rawa, amma ta fita.

"Ranka ya daɗe, farantan nan na asibitinmu ne, da asubar yau aka kwance su. Ɓarawo yana yanke waya, ba ya naɗe ta da salatif. Ɓarawo ba ya tsince noti, sai wanda zai sake ɗaurawa. An shiga da mabuɗin da ma'aikata ta riƙe. Darakta ya kai ƙarar satar rabin awa kafin kowa ya san an yi ta." Ta warware kalandar. "Ga wannan tsagar. Ga ta a nan, ga ta a nan, ga ta can a sama. Asibiti goma sha huɗu ke nan da na yau, farantai goma sha biyu ne kacal suke zagayawa. In an gama biki sai a bi baya a kwashe su, alhali an riga an ɗauke janareta. Sauran wuraren babu mai bakin magana. Namu akwai Sista, shi ya sa aka nemi ɓarawo, aka sami tsoho."

"Ƙarya take yi!" in ji Darakta. "Wace ce ma wannan? Aro ne kawai, za a mayar..." Ya kama bakinsa, amma lasifika ta riga ta kai maganar har kujerar ƙarshe.

Minista ya dubi masu ɗaukar hoto tukuna, sannan ya dubi Darakta. "Ban san da wannan ba," ya ce.

"Ranka ya daɗe," in ji Kofur a hankali, "ka taɓa komawa ko ɗaya daga cikinsu bayan an yanka zare?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta miƙa wa 'yan sandan taron ankwar da aka cire wa Baba, ta nuna musu Darakta, ta ruga. Uku saura kwata.

Su uku suka ɗaga janaretan da zafinsa, ya ƙone wa Baba hannu bai saki ba. Mai walda ya tuƙa kamar wanda ake bi. A mahaɗar kasuwa Kofur ta sauka da kanta ta tsayar da motoci.

Uku da minti ashirin suka shiga. Gurnanin na'urar ya tsaya. Sista tana durƙushe tana matsa wata 'yar jakar roba a kan fuskar jaririyar, tana ƙirgawa da ƙarfi, hawaye da gumi sun haɗu a haɓarta. "Minti shida ke nan da tsayawarta," ta ce ba ta juyo ba. "Ku yi sauri, don Allah."

Mai walda ya haɗa waya. Baba ya naɗe bandejin a ƙonannen hannunsa ya ja. Shiru. Ya sake ja. Janaretan ya yi tari ya mutu.

"Haba tsoho," Baba ya ce masa, muryarsa ta karye, "ni da kai ne fa."

Ya ja na uku. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar asibitin. A ciki na'urar ta yi ƙara, ta kama gurnani. Can sai wani ɗan kuka siriri, kamar na 'yar kyanwa, ya fito ta taga. Baba ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Kofur ta tuna cewa doka ta ce duk kayan shaida a kai shi ofis a kulle. Ta yagi shafi daga littafinta, ta yi rubutu, ta ɗaure a hannun janaretan da guntun bandeji:

"Shaida ta ɗaya. Kada wanda ya kashe."