Wayar da Auta Ta Ƙi Sayarwa

"Ba zan sayar maka ba!"

Auta ta zare kwalin wayar daga hannun saurayinta Direba, ta mayar cikin gilashin shagon yayanta. Yaya ya zabura.

"Ke! Ciniki ya kawo kansa, kina kora?"

"Haba rabin raina," Direba ya marairaice. "Wannan ce mai sabis ɗin nan mai sauri. Na riga na yi wa Umma alkawari..."

Alkawarin ne ya tsaya wa Auta a rai. Umma ta rantse ba za ta ba mai tuƙin tirela 'yarta ba, don direba ta aura, kuma a hanya ya rasu. Shi kuwa gogan naka, da ya ga auren na neman suɓucewa, sai bakinsa ya riga tunaninsa. Ya ce ko ina yake, kullum za su gan shi a bidiyo tar.

"Sabis ɗin nan iyakarsa cikin gari," in ji Auta. "Kana wuce gidan man ƙarshe ya ɓace, batirin ma ya zuƙe wajen nemansa. Kai da kake kwana huɗu a daji?"

"To ya zan yi?"

"Tashi mu je ka janye alkawarin."

"In janye? A gaban Umma?"

"Gara ta kore ka kan gaskiya da ta kama ka da ƙarya. Ina sonka, wallahi, amma ba zan shiga gidanka a kan alkawarin da na san ba zai cika ba."

Ita ce a gaba har gida. Sun tarar da Umma a falo tana ninke kayan wanki. Direba ya durƙusa, yana murza hularsa kamar za ta yi magana a madadinsa.

"Umma, na yi ƙaryar da ban sani ba. A hanyata wuri uku kawai sabis ke kamawa: kan gada, saman wani tudu, sai inda muke shan mai. Can ma murya ce kawai."

"Tsakaninsu fa?"

"Shiru ne, Umma. Wani lokacin wuni guda."

Umma ta ajiye zanin hannunta, ta sunkuyar da kai.

"Ni shirun ne ban iya jurewa ba," ta ce a hankali. "Ranar da babanku ya rasu, sau tara na kira shi. A na taran ya ɗauka... yana tuƙi. Da kunnena na ji ƙarar hatsarin."

"Umma!" Auta ta rarrafa ta riƙe ƙafafunta. Shekara goma sha ɗaya, ba ta taɓa jin wannan ba.

Umma ta share ido ta dubi Direba.

"Riƙe tsohuwar wayarka. In kana tuƙi ka kashe ta, sai ka tsaya ka kira. Ke kuma, za ki iya wuni guda ba ki ji shi ba?"

"Zan iya, Umma."

"Ba za ki iya ba, 'yata ce ke. Duk ranar da hannunki ya yi ƙaiƙayin kiransa, ni za ki kira." Ta juya wajen Direba. "Yaushe iyayenka za su zo?"